Ranar da Ƙararrawar Gobara ta Kaɗa a Rumbun Kayan Jirginmu

Ina cikin shekarata ta biyu a matsayin mataimakin matuƙi a jirgi ƙirar Boeing 737 lokacin da abin ya faru. Mun taso daga Kano da hantsi za mu Legas, mun daidaita a sama, har ma'aikaciyar jirgi ta kawo mana shayi, sai ƙararrawar gobara ta kaɗa, jan haske kuma ya kama a kan allon da ke tsakanina da kyaftin, yana nuna hayaƙi a rumbun kaya na baya. Rumbun nan yana ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji ne, kuma a irin wannan jirgi babu ƙofar da mutum zai bi ya leƙa shi muddin ana sama. Ba mu ga wuta ba, ba mu ji ƙauri ba, wannan ɗan haske kaɗai ne shaidar da muke da ita.

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne na'urar ce ta yi kuskure. Duk matuƙi ya san cewa mafi yawan irin wannan gargaɗi ba wuta ba ce, domin na'urar gano hayaƙi ba ta iya bambance hayaƙi da ƙura ko tururin da ɗanyen kaya ke fitarwa, ga shi kuma da idona na ga ana loda kwalayen attaruhu da tumatir kafin mu tashi. Hannuna ya nufi maɓallin gwajin na'urar, ina so in tabbatar tukuna, sai kyaftin ya dakatar da ni, ya ce shi zai riƙe tuƙi da rediyo, ni kuma in buɗe littafin matakan gaggawa in fara karantawa da ƙarfi. Wannan jinkiri nawa bai wuce daƙiƙa goma ba, amma har yau yana damuna fiye da komai a cikin lamarin.

Matakan ba su da yawa. Na danna maɓallin da ke zaɓar rumbun baya, kyaftin ya duba ya tabbatar da cewa shi ne daidai, sannan na danna na sakin halon, wato iskar danne wuta, daga tulunta, na kuma kashe fankokin da ke juya iskar cikin jirgi don kada su jawo hayaƙi zuwa wurin fasinjoji. Halon tana cika rumbun da kusan kashi 5 cikin 100 a karon farko domin ta danne harshen wuta, sannan ana buƙatar kada ta yi ƙasa da kashi 3 har a sauka. Danne wutar take yi, ba lalle ta kashe ta ba, kuma a jirgi irin namu mai tulu ɗaya an lissafa za ta riƙe na kimanin minti 60. Lokaci ne kawai aka ara mana, shi ya sa layin da ya fi nauyi a shafin shi ne wanda ya ce a sauka a filin jirgi mafi kusa da ya dace.

Kyaftin ya kira Mayday, wato kalmar neman agajin gaggawa ta rediyo, sau uku, muka sa lambar gaggawa ta 7700, muka nemi a ba mu hanya kai tsaye zuwa Abuja, a kuma tanadar mana 'yan kwana-kwana. Ya kira shugabar ma'aikatan jirgi ya gaya mata abin da ya faru, da inda muka nufa, da mintunan da suka rage, da abin da yake so su shirya.

Jan hasken bai mutu ba bayan sakin halon, gabana kuma ya yi ta faɗuwa, ina ganin kamar wutar ta fi ƙarfin maganin. An koya mana cewa gargaɗin yana iya ci gaba ko da wuta ta lafa, saboda hayaƙin yana kulle a rumbun kuma iskar da aka fesa kanta tana iya ruɗa na'urar, amma sanin abu a aji daban yake da kallonsa ana gangarowa da rayukan mutane a bayanka.

Dalilin da ya sa ake hana mu ɓata lokaci wajen tabbatarwa yana cikin tarihin da kowane matuƙi ke karantawa. A ranar 19 ga Agusta 1980, jirgin Saudia mai lamba 163 ya tashi daga Riyad zuwa Jidda, gargaɗin hayaƙi a rumbun baya ya bayyana, matuƙan suka kwashe fiye da minti 4 suna ƙoƙarin gane ko gaskiya ne kafin su juya. Sun sauka lafiya, amma ba su tsaya nan take ba, ba su kashe injuna da wuri ba, ba a kuma fitar da kowa ba. Kafin masu ceto su buɗe ƙofa fiye da minti 20 sun wuce, kuma dukkan mutum 301 da ke ciki sun rasu, Allah ya ji ƙansu. Duk lokacin da na karanta wannan rahoto sai jikina ya yi sanyi, domin jirgin ya riga ya taɓa ƙasa.

Saboda haka da muka sauka kyaftin ya tsayar da jirgi a kan titin sauka, motocin kwana-kwana suka kewaye mu, suka duba bayan jirgin suka ce babu hayaƙi, babu alamar zafi. Da sun ga wani abu, da ta sululun gaggawa za mu fitar da mutane a take. Aka kawo matakala, kyaftin ya nanata ta rediyo cewa kada kowa ya taɓa ƙofar rumbun sai fasinja na ƙarshe ya yi nisa, domin buɗe ta yana fitar da halon ya shigar da iska, wutar da ta kwanta ta sake tashi. Da aka buɗe daga baya, babu abin da ya ƙone, sai kwalayen da suka jiƙe da raɓa. A cikin motar da ta ɗauke mu kyaftin ya bar Turancin aiki ya ce mini da Hausa: “Ƙanena, gara mu sauka sau ɗari a kan attaruhu da mu yi gardama da na'ura sau ɗaya a kan wuta.”

Tun daga ranar na canza yadda nake karanta takardar kaya masu haɗari da ake kawo wa kyaftin kafin tashi. Kwalaben samar da iskar shaƙa da aka loda ba bisa ƙa'ida ba ne suka ƙone jirgin ValuJet a Fulorida a 1996, mutum 110 suka mutu, abin da ya sa Amurka ta wajabta na'urar gano hayaƙi da ta danne wuta a irin waɗannan rumbuna. Batiran litiyam kuma su aka danganta da gobarar jirgin kaya na UPS a Dubai a 2010, kuma halon ba ta hana batiri ɗaya ya zafafa na kusa da shi har shi ma ya kama. Daga 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana ɗaukar jigilar irin waɗannan batira a rumbun jirgin fasinja, saboda irin wannan haɗari ne kuma ake ce wa matafiyi ya riƙe fawa bankinsa a jakar hannu, inda za a ga hayaƙinsa a zuba masa ruwa. Yanzu nakan tambayi mai lodi abin da ke kowane rumbu, ina kuma rubuta filayen da za mu iya sauka a kan hanya a gefen takardata kafin a rufe ƙofa.