Kunne ake horarwa, ba ido ba

Kuskuren da ya fi cinye mini lokaci wajen koyon jin Turancin fim shi ne barin rubutun ƙasan allo a kunne tun daga farko har ƙarshe. Mutum ya gama fim na awa 2 yana ganin ya gane komai, alhali karatu ya sha. Ƙannena, ku kashe rubutun na minti ɗaya ku ga abin da zai rage.

Yawancin kalmomin da ke kuɓuce muku kun riga kun san su a takarda. Bature ne ba ya cika kowace gaɓa kamar yadda muke yi da Hausa. Yakan danna gaɓa mai nauyi, ya haɗiye sauran. Shi ya sa "going to" ke zama "gonna", "did you" ta koma kamar "dija". Ba'amurke yana sassauta "t" idan ta faɗo tsakanin wasula, har "water" ta yi wa kunnen Bahaushe kama da "wara". Wasu mutanen Landan kuwa sukan maye gurbinta da ɗan tsayawar maƙogwaro irin ta "sa'a". Ƙamus ba zai nuna muku duk wannan ba.

Ku zaɓi wuri ɗaya a cikin fim na minti 2 zuwa 3, inda mutum biyu ke hira a ɗaki. Ku kalla sau biyu babu rubutu. A karo na uku ku riƙa tsayarwa bayan kowace jimla, kuna rubuta abin da kuka ji, ku bar gurbi inda ya gagara. Sai ku kunna rubutun Turanci, ba fassara ba, ku gwada shi da abin da kuka rubuta. Kalmar da kuka sani amma ba ku ji ta ba, ita ce darasin ranar. Ku maimaita jimlar da baki sau biyar, da saurinta da haɗiye-haɗiyenta, domin abin da baki ya iya furtawa kunne kan kama shi da wuri.

Idan sauri ya yi yawa, YouTube da manhajar kallon bidiyo ta VLC suna bari a rage shi zuwa 0.75, wato kashi uku cikin huɗu na saurin asali. Ƙasa da haka murya na lalacewa. Kada ku tashi sai kun sake ji a saurin asali.

Rubutun ma kada ku yarda da shi ɗari bisa ɗari. A Netflix layi ba ya wuce haruffa 42, saboda haka akan taƙaita magana; wani lokaci kunnenku ne ke da gaskiya.

Finafinan faɗa ku ajiye su tukuna, kiɗa da ƙarar bindiga na danne magana. Shiri mai dogon zango ya fi, tunda muryoyin ba sa canzawa. Ku tsaya kan karin harshe ɗaya, na Amurka ko na Ingila, na 'yan watanni, minti 20 kullum, da abin saurare a kunne maimakon lasifikar waya.