Zaren da na ɗaura ma haƙorin ɗiyata

Har yau in na tuna zaren nan sai raina ya ɓaci. Ɗiyata tana shekara 6, ina yi mata burushi da safe sai na hangi wani haƙori mai baki kamar zarto ya ɓullo ta ciki, bayan na gaba na ƙasa, ga na nono tsaye ƙyam ko motsi bai yi. Layi biyu cikin baki guda! Gabana ya faɗi, don duk yayyenta da sunka yi famfara sai tsoho ya faɗi kana sabo ya fito.

Wata maƙwabciyarmu nan Mabera tac ce maman yara ki cire na nonon yau yau in ba haka ba bakinta ya karkace, ni kuma ban tsaya tambayar kowa ba na ɗauko zaren ɗinki na ɗaura na fizga. Haƙorin bai fita ba, dasashi ne ya tsage, jini har gaban rigar makaranta, yarinya tana kuka tana Umma ki bari. Kwana biyu kunu kawai taka iya sha.

Da munka je wurin likitan haƙori yac ce Hajiya ai saiwarshi ba ta cinye ba. Ashe sabon haƙori shi ka narkar da saiwar tsohon daga ƙasa har ya yi girgiɗi, to in ya biyo ta baya sai ya kauce mata, shi ya sa tsohon ka daɗewa. Yac ce ana yawan ganin haka ga na ƙasa tsakanin shekara 6 da 7, kuma in tsohon ya faɗi harshe shina turo sabon gaba a hankali. Abin da zan yi kawai in bar ta tana girgiza shi da kanta, in an yi kamar wata biyu bai motsa ba a kawo ta shi cire da allurar kashe zafi, amma in na sama ne kar a jira.

Na zaren dai sai da anka cire shi asibiti, kuɗin kefane na sati ya tafi. Na gefenshi da ya yi haka ban taɓa ba, sati uku tana shan rake ya faɗo da kanshi, yanzu sabbin sun kusa daidaita. Amma har gobe in ta gan ni da zare ina ɗinki sai ta rufe bakinta da hannu.