Yau dai na samo maganin bahago

'Yan uwa masu koyon dambe, yau da la'asar na sa bahagon da muke atisaye tare ya dafa ƙasa a turmi na biyu, wato zagaye na biyu. Wata uku ke nan yana juya ni yadda ya ga dama, shi ya sa farin ciki ya hana ni yin shiru.

Tun da na fara dambe, abin da na dogara da shi guda ne: in danne garkuwar abokin karawa, wato hannun da bai ɗaure ba, da hagu, in sako dama ta sama. Da mai ɗaure dama irina, wannan bai cika ba ni kunya ba. Amma da bahago komai ya birkice. Garkuwarsa tana fuskantar tawa kai tsaye, ƙafafunmu na gaba suna karo, ni kuma saboda sabo sai in riƙa zagayawa ta damata. Ashe fuskata nake kai wa hagunsa da kaina. Ranar da ya same ni a kunne, ko da yake tsumma kawai muka ɗaura babu zare, kwana biyu ina jin ƙara a kaina. Naira 6,000 na bari a kemis, kuɗin da na tara don wani abu daban, ga mako guda ban taka fili ba. Wallahi abin ya ci min rai.

Na ɗauka hannuna ne ba shi da sauri. Kullum da asuba ina dukan buhun yashi har fatar yatsuna ta saɓule, ba abin da ya canza. Maigidanmu ne ya gaji da kallona, ya ce, "Yaro, bar hannun nan, dubi ƙafarka." Ya ja layi a ƙasa da ɗan yatsan ƙafarsa, ya ce ƙafata ta hagu ta riƙa sauka ta waje da ƙafar bahagon ta dama, kada ta shiga ciki. Idan ta sauka a nan, na kauce wa hannun da ya ɗaure, damata kuma ta samu hanya miƙe zuwa haɓarsa.

Faɗa da baki da sauƙi. Mako biyu ban kai duka ko ɗaya ba, taku kawai. Inda na fi shan wuya shi ne kallon ƙasa: da na sunkuya neman ƙafarsa, sai ya ture min kai da garkuwa. Sai da na koyi zuba ido a ƙirjinsa, in bar ƙafa ta nemo wurinta. Ku lura da manyan 'yan damben ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada idan an sa zare da bahago, kafin a kai hannu za ku ga ƙafafu na rigimar wannan wurin.

Da muka sake shiga yau bayan ya dafa ƙasa, bahagon ya riga ya gano ni, shi ma ya fara neman waje, har ya take min babban yatsa, farcen ya yi baƙi. Gobe in Allah Ya kai mu zan gwada janye ƙafar kaɗan, in bar shi ya tako, in tare shi kafin ya daidaita.