Abin da na koya a tagar tikiti ta West End

Makon jiya na miƙa makullin taga, na bar aikin sayar da tikitin da na riƙe tun zuwana karatu Landan. Sa'a 20 kawai bizar ɗalibi ta yarje mini a mako, kuma kusan dukansu a bayan gilashin nan na ƙarar da su, a ɗaya daga cikin gidajen wasan kwaikwayo na West End, unguwar gidajen wasa da ke tsakiyar birnin. Ba zan kama sunan gidan ba. Abokan aikina sun san wanda nake nufi, shi ma manajan ya san kansa.

Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san kujerun ranar wasa: 'yan kujerun nan, galibi na sahun gaba daf da dandamali, da ake sayarwa da arha ƙarfe goma na safe idan an buɗe taga, ba a ba mutum ɗaya fiye da biyu. Tun da sanyin safiya mutane ke jeruwa a bakin ƙofa, ɗalibai da 'yan fansho da baƙin da kuɗinsu bai kai cikakken farashi ba. Domin su aka yi tsarin.

Manajanmu sai ya zo kafin a buɗe, ya tsaya a kaina ya ce in mayar da wasu daga cikinsu sahun kujerun da furodusa ke riƙewa don baƙinsa. Da rana wani dillali ya zo ya kwashe, ya sayar wa 'yan yawon buɗe ido da ninkin kuɗi. Da baki yake ba da umarnin, bai taɓa rubutawa ba. Ina sabon shiga, na ɗauka haka tsarin gidan yake.

Wata tsohuwa ce ta tona abin. Ta ƙirga mutanen da ke gabanta a layi, ta san adadin kujerun da aka tallata, ta ga lissafi bai fito ba, ta rubuta ƙorafi. Da aka duba kwamfuta, sunana ne a kan kowane sauyi. Aka kira ni ofis. Manajan yana zaune a gefe, yana girgiza kai kamar yau ya fara jin zancen. Ni aka ba takardar gargaɗi, shi ko kallon banza ba a yi masa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har yau takardar tana cikin fayil ɗina, kuma har yau idan na tuna girgiza kan nan raina yana ɓaci.

Daga ranar, duk abin da ya ce in taɓa a kwamfuta sai in ce ya turo mini ta imel. Bai taɓa turowa ba. Ya rage mini sa'o'i, ya daina amsa gaisuwata. Amma duk safiyar da ni ke kan taga, kujerun nan cif suke fita zuwa hannun waɗanda suka sha sanyi dominsu.

'Yan uwa ɗalibai da ke yawan tambayata hanyar samun tikiti mai sauƙi, ku fara da tagar gidan wasan kanta, don a nan kusan ba a ɗora kuɗin dillanci. Ku tambayi mai taga kujeru nawa aka ware yau, ku ƙirga layi kamar yadda tsohuwar nan ta yi. Rumfar sayar da tikiti mai rahusa da aka sani da TKTS, da ke dandalin Leicester Square, wadda ƙungiyar gidajen wasan Landan ke gudanarwa tun 1980, ita ce ta gaskiya, tana tsaye ita kaɗai a kudancin dandalin. Shagunan da ke kewaye masu allon rabin farashi, ku nemi ganin farashin da ke jikin tikitin kafin ku zaro kati.

Yanzu gidaje da yawa sun mayar da layin safiya cikin waya, ta manhaja irin su TodayTix ko ta ƙuri'a, don haka ku duba kafin ku fito. Talata da Laraba sun fi Asabar sauƙi. A gidan Globe da ke bakin kogin Thames ana kallo a tsaye a fili da 'yan fam kaɗan, amma babu rufi, ku tafi da rigar ruwa. Kujerar da aka rubuta cewa ba a ganin dandamali sosai, wata ginshiƙi ne a gabanta, wata ɗan ƙarfe ne kawai. Mai taga ya san bambancin idan kuka tambaye shi da mutunci. Kusa da lokacin farawa kuma ana sakin tikitin da aka dawo da su da ragowar kujerun furodusa. Sau da yawa su ne mafi kyau a zauren, matuƙar wanda ke ofis bai riga ya yi wa dillalinsa alkawarinsu ba.