Ƙarfen da muka buga da leza ya ƙi jin gashin da na saba

Wallahi ban taɓa zaton 'yan ramukan da ido ma ba ya gani za su hana ni barci ba. Inconel 718 muka buga, wannan gaurayen ƙarfen na nikel da ake sawa a injin jirgin sama, leza na bin garin ƙarfe tana narkar da shi shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace kaurinta bai wuce maikuron 40 ba (maikuron dubu ne milimita ɗaya).

Ɓarnar farko gaggawata ce ta jawo, na yanke samfur daga farantin da aka gina shi a kai tun ban sa shi a tanda ba, ina gama yanka sai ga gefe ɗaya ya ɗago kamar busasshen ganye. Yanzu sai ya yi minti 90 a tanda a digiri 1065 na ma'aunin Celsius tare da farantinsa kafin in taɓa shi.

Amma wadda ta fi ci min rai ita ce ta gashi, wato gasa ƙarfen a tanda don ya yi tauri. Na bi tsarin da kowa ya sani na ƙarfen ƙira, digiri 980 awa ɗaya, sai 720 awa takwas, a sauko a hankali zuwa 620 a ƙara wasu takwas. Tauri ya fito yadda ake so, har na fara murna. Da muka tsoma shi a ruwan gishiri mai kashi 3.5 cikin ɗari na gishiri muka haɗa masa lantarkin gwaji, sai ga ramukan tsatsa sun fito jere a layi, to daga nan na san akwai magana.

Ashe saboda ƙarfen na daskarewa cikin ƙiftawar ido, niyobiyam da molibdenam, sinadaran da ke cikin gaurayen, ba sa samun damar bazuwa, sai su taru a tsakanin rassan ƙwayoyin ƙarfen su zama wani abu mai gautsi da ake kira Laves. Shi kuwa 980 ɗin nan ba ya narkar da shi duka, sai ma wasu 'yan allurai da ake ce wa delta su tsiro a wajen, na gan su da idona a na'urar ƙara girma kamar ƙaya. Wuri biyu maƙwabta, sinadari daban daban, ga ruwan gishiri a kai, ai ƙaramin batir ke nan, nan tsatsa ke samun ƙofa duk da sinadarin kuromiyam na cikin gaurayen da ke kare saman.

Zagaye na biyu na fara da 1100 awa ɗaya cikin iskar argon, sannan na bi sauran matakan. Ramukan sun ragu sosai. Sai dai fa kar a zarce, in ya daɗe ƙwayoyin girma suke yi ƙarfi ya ragu.

Kofofin iska da leza ta bari a ciki kuwa tanda ba ta rufe su, sai injin matsi mai zafi, na saman fatar ƙarfen ma shi ɗin bai iya musu ba, dole na zauna na goge da hannu.