Godiya daga ni da ƙannena, bayan rasuwar Umma

Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwar Umma, sai yanzu na iya zama na rubuta wannan, tun shekaranjiya nake farawa ina gogewa. Ba sai na maimaita muku komai ba, mafi yawanku kun bi mu tun ranar da na fara roƙon addu'a a nan, kun san wata 19 muka yi, kun san tiyata da kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi, da gashin wurin ciwon da na'ura, da ranar da hoto ya nuna kansar ta bar nono ta shiga ƙashi da hanta, akace mataki na 4. Allah ya karɓi baiwarsa ranar Talata da asuba, a ɗakinta, kan gadonta, hannunta cikin na autanmu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhamdulillah ala kulli halin.

Na gaji wallahi, gajiyar da barci baya maganinta. Kuma zan faɗi abun da mutane basa so a faɗa, akwai wani sauƙi da na ji a ƙirjina da na ga fuskarta ta saki, babu wannan yamutsewar ta ciwo. Na kwana biyu ina jin kunyar wannan sauƙin, yanzu na daina.

Ranar da likita yace ba za a ƙara kemo ba, ni abun da kunnena ya ji shine ku kwashe ta ku je ta mutu a gida. Har na miƙe tsaye ina faɗa masa magana, Allah ya yafe min. Bawan Allahn nan bai ko kalle ni ba, kujerarsa ya jawo kusa da Umma yace, Mama bamu gama dake ba, aikin ne ya canza, da muna yaƙi da cutar, yanzu kuma ciwon da take saki ne zamu tsaya a kai. Umma tace to likita, ni dai ina so na yi barci. Daga nan aka haɗa mu da masu kulawar rage raɗaɗi, su ne suka riƙa zuwa gida sati bakwai ɗin ƙarshe. Ni da ban taɓa sanin akwai irin wannan aikin ba. A wani dare da barci ya ƙi zuwa ne na karanta a waya cewa wata mata a Ingila, Cicely Saunders, ita ta buɗe gidan jinya irin wannan na zamani a Landan a 1967, kuma ita ta riƙa nanata cewa ciwon mai mutuwa ba a jiki kaɗai yake ba, harda tsoro da tunanin waɗanda zai bari. Na gane hakan a kan Umma, don duk ranar da ta tuna auta bai yi aure ba, ranar ciwon bayan ya fi tashi.

Sai mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi. Anan ne nake so na tsaya, don shine abun da ya kusa karya ni.

Ruwa ne a kwalba, ana ja da ƙaramin sirinji mara allura a zuba mata a gefen baki, duk bayan awa huɗu. Shida na safe, goma, biyu, shida, goma, biyu na dare. Sista, ma'aikaciyar jinyar da take zuwa mana gida, ta rubuta mana a takarda muka manna jikin ƙofa, tace kar ku jira sai ta yi kuka sannan ku ba ta, agogo zaku bi ba hawaye ba, in ciwon ya kutso kafin lokaci ga ɗan ƙarin da aka yarda a bayar, ku rubuta lokacin. Tace tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ne tun 1986, a fara da mai sauƙi a hau zuwa mai ƙarfi, ta baki, kuma a kan lokaci. Ta haɗa mana da maganin sakin ciki tun ranar farko saboda mofin yana ɗaure ciki, wannan kam mun ga zahiri da muka yi sakaci kwana uku. Ni ce mai ba da na biyun dare. Kuma kunnena cike yake da maganar mutane, wai maganin nan in aka fara shi an sallama mutum kenan, wai shi ke ƙarasa mara lafiya, wai zai zame mata jaraba. Jaraba fa, ga matar da ko juyawa bata iya yi sai an juya ta.

Daren Asabar, kwana uku kafin rasuwar, na ba ta na ƙarfe biyu kaman kullum, na goge mata baki na zauna. Ba a fi minti ashirin ba numfashinta ya canza. Ta ja da ƙarfi, ta ja, ta ja, sai shiru. Na ƙirga har ashirin da wani abu babu komai, sai kuma ya dawo da wani gurnani a maƙogwaro kaman ruwa na tafasa. Jikina ya hau ɓari, sirinjin na nan a hannuna ban ma ajiye ba, abu ɗaya ne a kaina, na kashe uwata da hannuna. Ban tashi kowa ba, na kasa. Na kira Sista, ƙarfe biyu da rabi na dare, matar da ta wuni a tsaye tana da nata yaran. Bugu biyu ta ɗauka. Na kasa magana sai kuka, tace ƙanwata sa wayar kusa da bakin Mama in ji. Ta saurara ta daɗe, sannan tace nawa kika ba ta, na faɗa, tace daidai ne, abun da na rubuta kika bayar, ba maganin bane, jiki ne ya fara sallama, haka numfashi yake yi in lokaci ya matso, yana tsayawa yana dawowa. Gurnanin kuma yawu ne da bata iya haɗiyewa yanzu, ke yake damu fiye da ita, ki juya ta gefe ki ɗan ɗaga kanta. Na juya ta, ƙarar ta ragu. Sai tace min wata magana da bazan manta ba, tace na shida ma ki ba ta, kar tsoronki ya sa ta koma cikin ciwo. Kuma ki yi mata magana, sau da yawa suna ji ko sun kasa amsawa.

Bata kashe wayar ba. Na ajiye a kan filo ina yiwa Umma karatu a kunne ina bata haƙuri kan abubuwan da ni kaina na manta na yi, ita kuma Sista tana can shiru, lokaci lokaci tace ina nan. Da gari ya waye na duba, awa ɗaya da minti goma sha huɗu. Ƙarfe bakwai sai ga ta a ƙofa, ba ma ranar zuwanta bace. Ta durƙusa gaban gado tace Mama ina kwana, ta jiƙa auduga ta goge mata leɓe da harshe, ta shafa mata mai, ta gyara mata ɗankwali da ya zame. Sista na san kin ce kar na sa ki a rubutu, sunanki ne kawai bazan sa ba. Allah ya jiƙan iyayenki, Allah ya raya miki yaranki ya sa su yi miki abun da kika yiwa tamu uwar, Allah ya sa a ranar da kike buƙatar murya cikin dare ki samu wanda zai ɗauka a bugu biyu. Allah ya haskaka kabarinki tun kafin ki shige shi.

Goggo ƙarama, ƙanwar Umma, ke ma na san zaki yi faɗa. Kin bar gidanki sati bakwai kina kwana a ƙasa. Ke kika riƙe juyi duk bayan awa biyu, dare da rana, shi yasa har Umma ta koma ga Allah babu gyambon kwanciya ko ɗaya a jikinta, Sista da kanta ta yaba. Ke kika hana mu ɗura mata abinci lokacin da ta daina karɓa, muna kuka muna cewa yunwa zata kashe ta, kika ce ku ji abun da aka faɗa muku, jikin ne baya so, ɗurawa shaƙewa ce. Ke ce mai wanki, mai canza famfas, baki taɓa yamutsa fuska ba. Allah ya biya ki da gidan Aljanna, Goggo.

Matar ƙanena, ba 'yar cikin Umma bace amma ranar da Umma ta yi amai a jikinta dariya ta yi tace Umma kin min wanka. Maƙwabcinmu mai mota, ban san sau nawa muka buga maka ƙofa bayan sha biyun dare ba, baka taɓa fitowa da ɓacin rai ba. Mai kemis ɗin da ya riƙa zagaya mana neman magani ranar da ya yanke. Abokan aikina da suka raba aikina tsakaninsu ba tare da na roƙa ba. Da wata baiwar Allah a nan da ban taɓa gani ba, ta rasa mahaifinta da irin wannan cutar, ita ta fara ce min ki samu littafi ki riƙa rubuta lokacin magani, kuma ki yarda wani ya karɓe ki ki yi barci ko awa uku. Na farkon na bi, na biyun ban bi ba, ga shi yanzu ina biya. Waɗanda suka turo taimako a ɓoye, waɗanda suka zo suka zauna shiru suka tafi, waɗanda addu'a kawai suke da ita suka bayar, Allah ya san ku ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka da alheri, ya rufa asiri duniya da lahira, ya ba marasa lafiyarku lafiya, waɗanda kuma kwanansu ya ƙare ya sa su cika da imani cikin sauƙi. Allah kar ya jarrabe ku da abun da muka gani.

Akwai kuma waɗanda wata 19 bai ishe su su samu yini ɗaya ba. Ba komai. Waya dai tana shiga, don ta waya aka riƙa ce mana mun yi saurin karaya, me yasa ba a fita da ita waje ba, me yasa aka daina ƙarin ruwa, ga wani mai magani can an ce yana warkar da daji. Umma ta tambayi wasunku da suna har sau biyu, nace mata kuna hanya. Ƙaryar da na yi mata kenan, Allah ya yafe min. Na ga kun zo ta'aziyya, mun gode, Allah ya ba da lada.

Duk wanda Umma ta ɓata wa dan Allah ya yafe mata, wanda yake binta bashi ko na sisi ne ya nemi ƙanena, ita da kanta ta sa muka rubuta waɗanda ta tuna tun tana iya magana amma ɗan adam ne. Allah ya jiƙanki Umma, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya sa kin huta, ya haɗa mu a Aljanna Firdausi.

Saƙonni sun fi ƙarfina, wanda ban amsa ba ya yi haƙuri, ina bi a hankali. Ragowar mofin mun mayar asibiti kaman yanda aka ce, dan Allah kar a tambaye ni shi. Amma katifar iska da keken turawa da sandar tafiya suna nan lafiyarsu ƙalau, an wanke an goge, in akwai mai jinya a gida da yake buƙata ya yi min magana ta inbos, sai dai a zo da mota don katifar da injinta tana da ɗan nauyi.