Kwalin da na ware gefe

Na daɗe ina haɗa kayan sola, amma sai makon jiya na taɓa sauke kaya daga bayan mota. Batiran litiyam ne guda takwas. Kwali na uku ya lotsa a gefe, ina buɗewa na ga batirin ya kumbura. Direba ya ce, "Maigida, ai ba komai, mu tafi." Na ce sam.

Irin wannan batiri idan ya ji rauni a ciki, zafi ne ke ta haifar da zafi har ya kunna na kusa da shi. Ko an kashe wutar, takan sake tashi bayan sa'o'i. Shi ya sa yake rukuni na 9 na kaya masu haɗari, da lamba UN 3480 a jikin kwali. Tun 2016 aka hana loda shi a jirgin fasinja. A jirgin dakon kaya ma cajinsa ba ya wuce kashi 30 cikin ɗari.

Sauran bakwai na naɗe bakunansu da tef, na raba su da galan-galan na fenti don gudun gobara. Mai kumburin yana can waje a kan yashi.